Rago ya mutu bayan allura: wa ake kai wa ƙara a Yamai?

Watanni kafin babbar Sallah, gidaje da dama a Yamai kan koma tamkar garke. 'Yan ci-rani daga Libiya, Aljeriya ko Faransa na turo kuɗi a sayi rago a kasuwar Turaku, a ɗaure shi a turke, a yi ta ba shi dusa da harawa. Ran da ya ƙi ci, sai a kira mai allura. In ya tashi, madalla. In ya mutu, rigima ta kaure ke nan a WhatsApp: mai kuɗin na tambayar wanda zai biya, na gida na cewa likita ne ya kashe shi.

Akwai inda ake kai irin wannan ƙorafi, ko da yake masu kiwo kaɗan ne suka san da shi. Nijar na da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, Ordre National des Vétérinaires du Niger. Ita ke riƙe da rajistar likitocin da aka amince su yi aiki, ita ce kuma ke sa ido kan ɗa'ar sana'ar. Babbar dokar da ta tsara harkar kiwo a ƙasar ita ce ta 30 ga watan Yunin 2004.

Tsarin ya samo asali ne daga Faransa, inda aka kafa irin wannan majalisa a 1947. A can, mai dabba na rubuta ƙorafinsa, a naɗa wanda zai bincika, a saurari likitan, sannan a zauna a ƙarƙashin jagorancin alƙali. Hukunci na farawa daga gargaɗi, yana iya kaiwa ga dakatarwa ta shekara 10. A Najeriya ma, dokar 1969 ta tanadi kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon soke sunan likita daga rajista.

Sai dai majalisa irin wannan likita take ladabtarwa, ba ta biyan kuɗin rago. Mai neman diyya, sai kotu. Kuma mutuwar dabba kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ake dubawa shi ne ko an yi sakaci, ko an ba da maganin da bai dace ba, ko an zarce ƙima.

Babbar matsalar tana ga kalmar "likita" kanta. A unguwa, duk wanda ya rataya jaka da sirinji likita ne. A doka kuwa, sai mai digirin likitancin dabbobi, irin wanda 'yan Nijar da yawa suka samo a makarantar EISMV ta Dakar da aka kafa a 1968. Bayansu akwai mataimakan da aka horar. A tsarin SVPP, wanda ya soma a Dakoro a 2003, suna aiki ne a ƙarƙashin wani likita mai zaman kansa, don haka in sun yi kuskure akwai wanda za a tunkara. Mai tallar magani a bakin kasuwa, wanda ke tsira wa dabba allura nan take, ba shi a rajistar kowa. Ba a soke sunan da ba a taɓa rubutawa ba. Batunsa na ma'aikatar kiwo ne da 'yan sanda.

Maganin kansa abin dubawa ne. Tun 2006 ƙungiyar UEMOA ta shimfiɗa ƙa'idar ba da izini kafin a sayar da maganin dabbobi, amma kwalaben da ba su bi ta nan ba na kwance a rana kan tebura. Shi ya sa kwalbar da aka yi amfani da ita, da takardar magani, da ranar allurar, suka fi dogon bayani amfani ga mai ƙorafi.

A nan ne yawancin ƙararraki ke mutuwa tun ba a kai su ba. Da an ga rago na shure-shure, sai a yi maza a sa masa wuƙa kada ya zama mushe, a raba naman ga maƙwabta. Ba wanda zai ga laifin mai gudun asara, amma an cinye shaidar, tare da ragowar maganin da bai gama fita daga naman ba. Ga shi kuwa a nan Yamai akwai LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, inda likita zai iya aika samfur a gano cutar da ta kama ragon.