Idan Laftof Ta Ɗau Zafi, Wa Ke Fara Jin Jiki?

Shiga kowane shagon buga takardu a Funtua ko Malumfashi cikin watan Afrilu, ka ɗora hannu a ƙasan laftof ɗin mai shago. Wallahi sai ka janye da sauri. Daga nan ake fara gardama: wai furosesa za ta ƙone ta tafi da komai.

Gaskiyar magana, furosesa ce ta fi kowa iya kare kanta. Yawancin na Intel da AMD idan zafi ya doshi digiri 100 sai su rage gudu da kansu, shi ya sa kake ganin CapCut na tsayawa. Idan abin ya ƙi, kwamfutar ta mutu ɗif. Ba lalacewa ta yi ba, tserewa ta yi.

Maƙwabtanta ne ke shan wuya, domin duk a akwati ɗaya suke. Batir ne na farko: zafi na cinye ƙarfinsa, wani lokaci ya kumbura har ya ɗago wajen da kake goga yatsa. Ka ga haka, daina caji. Sai ƙananan kafasita na kan madabod, waɗanda su ma ƙarin zafi ke rage kwanansu. Faifan ajiya ma, mai juyawa, ba a yi shi don ya wuce digiri 60 ba, kuma nan furojet ɗinka da hotunan biki suke. Dalmar da ta riƙe kayan kuwa, yau zafi gobe sanyi, a hankali take tsagewa. Irin wannan ce ta addabi Xbox 360, har Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 a 2007 don gyara.

A nan yankin namu matsalar daga hunturu take farawa. Ƙurar Disamba da Janairu, ga ƙaiƙayin masara da burbushin auduga lokacin kaka, su toshe fanka, sannan bazara ta zo ta tarar da ita a shaƙe. Mu kuma mu ɗora ta kan katifa muna kallon fim har asuba!

Kafin Maris, kai ta wajen mai gyara ya buɗe, ya hure fankar, ya sake shafa wa furosesa manta. Kuɗin bai kai na sabon batir ba. A gida kuma, tebur ko faranti, ba bargo ba.