Shirya Ɗalibi Domin Binciken Kimiyya a Matakin Manyan Digiri: Gudummawar Darasin Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga karatun digiri na biyu ko na uku a fannin kimiyya yakan tarar da sauyin da ba a shirya shi dominsa ba. Ya shafe aƙalla shekara 16, daga firamare zuwa digirin farko, ana tambayarsa yana amsawa. Yanzu kuma shi ake jira ya kawo tambayar da ba a riga an amsa ba, ya nemo amsarta, ya kuma kare ta a gaban masana. A kundayen da suka biyo ta hannunmu domin gyaran harshe, mun lura raunin da ya fi yawa yana wajen tsara tunani da bayyana shi a rubuce, ko da aikin ɗakin gwaji ya yi kyau. Manufar wannan sashe ita ce fayyace dabaru huɗu da mai bincike ke buƙata, da nuna yadda darasin Hausa zai aza harsashinsu tun daga makarantun ƙasa.

2.0 Tsara Tambayar Bincike

Bari mu ɗauki misali daga kimiyyar noma. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ciyawa ce mai maƙalewa a saiwar dawa da gero da masara tana tsotse musu ruwa da abinci. Tushe guda yakan zubar da dubban iri, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa, wanda aka fara warewa daga saiwar auduga a 1966. Auduga da waken soya suna tsirar da irin, amma ba ya iya rayuwa a jikinsu, sai ya mutu.

Ɗalibin da ya ce zai yi bincike a kan wuta-wuta jigo kawai ya ambata. Tambayar bincike ita ce kamar haka: shin noman waken soya a fili bana yana rage yawan wuta-wutar da ke fitowa cikin masarar da za a shuka a filin baɗi? Wannan jimla ta bayyana abin da za a sauya, da abin da za a ƙirga, da lokacin ƙirgar. Ta kuma tilasta a ware filin da ba a noma waken ba domin kwatanci, a maimaita gwajin a filaye da dama, a raba su ta hanyar ƙuri'a. Ƙunsar da duk wannan a jimla guda aiki ne na harshe.

3.0 Rarrabe Abin da Aka Gani da Abin da Aka Fahimta

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a kimiyya ganin ma sai an haɗa shi da awo. "Masarar ta sha wahala" hukunci ne. "An ƙirga wuta-wuta 14 a murabba'in mita guda, mako 10 bayan shuka" bayani ne da wani zai iya komawa ya tabbatar. Saboda haka mai bincike yake riƙe littafi na musamman da yake rubuta kwanan wata da awo da duk abin da ya faru, har da gwajin da ya lalace.

Haka kuma dole ƙarfin magana ya yi daidai da ƙarfin hujja. Hausa tana da matakai bayyanannu na wannan: "wataƙila", "mai yiwuwa ne", "akwai alamar", "sakamakon ya nuna", "an tabbatar". Ɗalibin da ya rubuta "an tabbatar" bayan gwajin damina ɗaya a gona ɗaya ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

4.0 Karatu da Danganta Magana ga Mai Ita

Bitar ayyukan da suka gabata takan koma jerin sunaye: wane ya ce, wance ta ce. Abin da ake so shi ne a nuna inda masana suka haɗu, da inda suka rabu, da giɓin da ya rage. A nan akwai abin lura a nahawunmu. Wakilin sunan "an" yana da amfani wajen bayanin hanyar aiki, kamar "an auna" ko "an shuka", domin aikin ne abin kula. Amma "an ce" yana ɓoye mai magana, ya hana mai karatu bin sawunta. Ɗalibin da ya saba da "an ce" tun yana yaro shi ne zai kwafo aikin wani ba tare da ya ga laifin hakan ba. A yau da na'urori ke iya tsara rubutu cikin daƙiƙoƙi, har da ƙirƙiro madogarar da babu ita, wajibi ne ɗalibi ya buɗe duk aikin da ya ambata ya karanta da kansa.

5.0 Tsarin Rahoto

Rahoton kimiyya yana amsa tambayoyi huɗu a jere: me aka nema, yaya aka yi, me aka samu, mece ce ma'anarsa. Gwajin ingancin kashi na biyu shi ne ko wani zai iya maimaita aikin daga bayanin kaɗai, ba tare da ya nemi marubucin ba.

6.0 Abin da Manhaja Za Ta Iya Yi

Gwajin firamare na shekara shida da aka fara a Ife a 1970, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa, ya nuna yaran da aka koyar da su kimiyya da lissafi da Yarabanci ba su kasa takwarorinsu ba, har ma a Ingilishi. Manufar ƙasa kan harshen koyarwa ta sha sauyi: a 2022 aka amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na farko, a Nuwamba 2025 kuma aka sanar da janye hakan. Ko da wane harshe ake koyar da kimiyya, darasin Hausa shi ne wurin da yaro Bahaushe yake da cikakken iko da kalmominsa, kuma dabarar tunani da aka koya a harshe ɗaya tana bin mai ita zuwa wani. Bisa ga haka muke ba da shawarwari kamar haka:

(a) A firamare, a sa yara su jiƙa wake, su riƙa auna tsawon tsiron kullum har mako biyu, suna rubuta abin da suka gani da kwanan wata.

(b) A ƙaramar sakandare, a ƙara wa auna fahimta aikin ware jimlolin da ke ɗauke da hujja daga masu ɗauke da ra'ayi, da mayar da jigo ya zama tambaya.

(c) A babbar sakandare, insha'in bayani ya ƙunshi rahoto mai kashi huɗu, kuma duk maganar da aka aro a ambaci mai ita da inda aka same ta.

(d) A samar wa malamai keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da aka daidaita, kamar yadda ƙamus ɗin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi.

(e) A ware maki na musamman domin daidaiton bayani, kada daɗin salo ya cinye makin duka.

7.0 Kammalawa

Kwas ɗin dabarun bincike da jami'o'i ke bayarwa a farkon digiri na biyu yana da amfani, sai dai zango ɗaya ba ya gyara ɗabi'ar shekara 16. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ayyukan da muka lissafa ba su buƙatar ɗakin gwaji ko kuɗi mai yawa; wake da ma'auni da littafin rubutu sun wadatar. Muna kira ga masu tsara manhaja da su sanya su cikin bita ta gaba, a kuma horar da malaman Hausa yadda za su koyar da su da yadda za su ba su maki.