Taron Da Ba Shi Da Babban Baƙo

Duk mun san yadda taro yake a wajenmu. A kafa rumfa, a jera kujeru, a yi ta jiran babban baƙo har rana ta take tsaka. In ya iso a sha jawabai, a raba lemo, a watse. Malamin da ke riƙe da mabuɗin laburaren makarantarku, in ma an gayyace shi, yana can layin baya ba wanda ya tambaye shi komai.

To, akwai wani irin taro da ma'aikatan laburare suka runguma a ƙasashen waje, suna kiransa Library Camp. An yi shi a garin An Abo na Amurka a 2006, aka yi a Bamingam ta Ingila a 2011. Ba a tsara jadawali kafin ranar. Da safe sai a kafa allo wayam, duk mai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ya miƙe ya faɗa a taƙaice, a rubuta, a ba shi ɗaki da lokaci. Masu sha'awar batun su bi shi. Akwai kuma ƙa'idar da ake kira dokar ƙafa biyu: in ba ka ƙaruwa, ba ka kuma ƙarar da kowa, tashi ka koma wani ɗakin, ba wanda zai ga laifinka. Ba'amurke Harisin Owen ne ya fito da ita, bayan ya lura cewa hirar lokacin shan shayi ta fi jawabai amfani.

Mu dai muna ganin gabashin Sakkwato ya fi Bamingam buƙatar irin wannan zama. A Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya rasu a 1837. Rabah kuwa mahaifar Sardauna ce. Ƙasar da ta gaji littafi haka, bai kamata a ce ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa aron ko guda ba.

Ku ɗauka masu kula da laburare na Wurno da Rabah da Goronyo sun haɗu a makaranta ɗaya. Me zai hau allo? Gara, da ɗigon damina, da ƙurar hunturu. Sai babbar matsalar da ba a faɗa gaban manya: malamin da ke kulle littattafai a kabad don tsoron kada ɗaya ya ɓata a ce ya biya. Wataƙila na Goronyo ya daɗe da samun dabarar rajistar aro da ke maido masa da littafi, na Rabah bai taɓa ji ba. Wani kuma ya kawo zancen rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafaka a gidajen malamai, da yadda za a ɗauki hotonsu da waya ba tare da an raba su da masu su ba.

Mun san halin da hanyoyin yankin ke ciki ta fuskar tsaro, saboda haka sai a fara da hantsi, a tashi kafin la'asar.

Ku ma ba sai kun jira manya ba. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku ari aji uku ranar Asabar, ku tanadi alli. Ku gayyaci malamin laburare, amma ku gaya masa tun da wuri cewa shi ma sai ya ɗaga hannu kafin ya yi magana.