Littafin Da Ke Ƙarƙashin Matashin 'Yarki

 A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani abu da ba a saba jin sa daga bakin ungozoma ba, wato littattafan soyayya da 'ya'yanmu mata ke karantawa. Na san wata za ta ce me ya haɗa kifi da kaska? To, abin da ya haɗa su a ɗakin awo na gan shi.

Shekarun baya, lokacin da nake aiki a wani asibiti a ƙasar Gumel, wata baiwar Allah ta zo awo daga wani ƙauye da ke kusa da Maigatari. Cikinta wata 8, ga 'yarta mai shekara 14 ta riƙo mata jaka. Ina cikin auna uwar sai idona ya kai kan yarinyar, na ga ƙafafunta a kumbure, tafin hannunta ya yi fari fat. Na ce, "Hajiya, ko za ki bari in duba ƙanwar tawa ita ma?" Da muka duba sai ga ciki na wata 6, ga kuma jininta ya hau. Bayan lallashi mai tsawo ta faɗi wanda ya yi mata: wani abokin mahaifinta ne da ake yawan aiken ta wurinsa.

Uwar ba ta yi kururuwa ba. Ta dafe kai ta ce, "Sista, wallahi ta gaya mini, ni ce ban ji ba." Ashe watanni kafin nan yarinyar ta zo mata da wani littafi da ta aro, ta naɗe wani shafi, ta ce, "Inna, bari in karanta miki nan wurin, abin tausayi." Shafin labarin wata yarinya ne da wani babban mutum ke ja a jiki da 'yan kyaututtuka. Uwar ta fizge littafin ta jefa a murhu, ta ce 'yar mutunci ba ta karanta irin wannan. Daga ranar yarinyar ba ta sake tayar da maganar ba. Mun tura ta babban asibiti, daga baya aka yi mata aiki aka ciro jaririn, Allah ya yi da sauran kwananta. Amma maganar uwar nan ba ta bar kunnena ba har yau.

Daga ina littattafan nan suka fito?

Ni kaina da su na tashi. Muna 'yan makaranta a Gumel mukan haɗa kuɗi mu ɗauko haya, littafi ɗaya ya zagaye aji har bangonsa ya cire. Yawancinsu a Kano ake buga su, shi ya sa ake ce musu adabin kasuwar Kano. Littafin Hafsat Abdulwaheed mai suna So Aljannar Duniya ya fito a 1980, na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma, In Da So Da Ƙauna, ya fito a 1991, kuma tun wancan lokaci mata ne suka fi yawa a cikin masu karatu.

Ba soyayya kaɗai ke cikinsu ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Labarin Abu ne, yarinya mai shekara 13 da aka cire daga makaranta aka aurar wa wani dattijo da ba ta so, ya gwada mata ƙarfi, ta gudu wurin wata 'yar uwarsu a birni, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. Mata da yawa a irin wannan littafi suka fara ganin an rubuta abin da ya taɓa faruwa da su, wanda ba su taɓa gaya wa kowa ba.

Haka kuma gaskiya ne akwai na banza a cikinsu, masu batsa da koya son abin duniya. Saboda irin wannan ƙorafi ne a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Sai dai ƙonawar ba ta hana karatu ba. Yanzu labaran sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana kuma sauraron su a rediyo da YouTube, don haka ko yarinyar da ba ta iya karatun boko ba tana jin su. Littafin takarda ana iya jefa shi a murhu, amma wanda ke cikin waya uwa ba ta ma san yana gidan ba.

Inda labaran suka faɗi gaskiya

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. An gano cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ke nan abin ba ƙirƙirar marubuta ba ce, kuma bai tsaya kan mata kaɗai ba.

Marubutan kirki sun kuma yi daidai a kan wanda ke aikata abin. Mu iyaye baƙo muke tsoro. Ranar Alhamis, in kasuwar Maigatari ta cika da fatake daga Nijar da kudancin ƙasar nan, kowace uwa tana jan kunnen 'yarta mai talla. Wannan daidai ne, amma mafi yawan lokuta mai cutar da yaro wanda ya sani ne: maƙwabci, ɗan uwa, saurayi, ko wanda iyaye suka amince da shi. Kuma ba da ƙarfi yake farawa ba. Da alewa yake farawa, da katin waya, da "ki kawo mini tallan ɗaki in saye duka", sannan ya ce wannan sirrinmu ne. In abin ya faru sai ya koma barazana. Yarinyar da ta taɓa karanta wannan salo a labari ta fi saurin gane shi in ya tunkaro ta.

Inda labaran suka kauce

A nan ne aikinmu na ma'aikatan lafiya ya shigo, domin akwai abubuwan da labari ke koyarwa waɗanda ke cutarwa.

Na farko, a wasu labaran sai ka ga namiji ya yi wa yarinya fyaɗe, daga baya ya yi nadama, ya aure ta, ta kamu da son sa. Wannan yana sa yarinya ta ɗauka tilastawa ma wani nau'in so ne. A gaya mata ƙarara cewa mai son ta ba ya tilasta ta, ba ya kuma sa ta ɓoye wa iyayenta abu.

Na biyu, a labari in abin ya faru sai a gasa yarinya da ruwan zafi, a rufe ƙofa, a rufa asiri. Ruwan zafi ba ya hana ciki, ba ya kuma kashe ƙwayar cuta da ta riga ta shiga jiki.

Na uku, a labari yarinya mai shekara 14 takan haihu cikin shafi ɗaya, washegari a yi shagalin barka. A ɗakin haihuwa ba haka muke gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa masu ciki 'yan ƙasa da shekara 20 sun fi waɗanda ke tsakanin 20 zuwa 24 haɗarin kamuwa da jijjiga da zazzaɓin bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Ƙugun ƙaramar yarinya bai gama buɗewa ba, sai naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara har ta huje, a sami yoyon fitsari. Saboda irin wannan lalura ne ƙungiyar likitocin MSF ke aiki a Babban Asibitin Jahun tun 2008.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye

A kawo yaro ko yarinya asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira a gama shawara da dangi. Dalilin gaggawar shi ne magungunan suna da lokaci. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, a kuma sha har kwana 28 ba fashi. Maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki ana iya ba da shi har kwana 5, amma ya fi aiki in an sha da wuri, kuma hana cikin shiga yake yi, ba ya zubar da wanda ya riga ya shiga. Akwai kuma maganin ciwon sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta tsinkau-tsinkau in akwai rauni.

In zai yiwu kada a yi mata wanka kafin a zo, kada kuma a wanke kayan da ke jikinta. A naɗe su cikin takarda ko tsabtataccen zane a taho da su, domin shaida ce. In kuwa an riga an yi wankan, ko kwanaki sun wuce, duk da haka a zo, akwai taimakon da za a iya yi. A Babban Asibitin Dutse akwai cibiya ta musamman da ke kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Sannan a 2021 gwamnatin Jigawa ta sa hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a da kuma dokar kare yara, don haka iyayen da suka kai ƙara doka tana bayansu.

Abu mafi muhimmanci shi ne kalmar farko da za ta fito daga bakinki. Kada ki ce "me ya kai ki?" Kada ki dake ta. Ki ce mata, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne." In kuma an gano da ciki, a fara awo nan take. A wurin awo ne za a riƙa auna jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a kuma shirya mata haihuwa a asibitin da ake iya yin aiki in buƙata ta taso. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko zubar jini, duk alamu ne na a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Me ya sa nake gaya wa masu juna biyu?

Domin lokacin da ciki ya tsufa, da lokacin jego, su ne lokutan da idon uwa ya fi ɗaukewa daga kan manyan 'ya'yanta. Aike ya koma kan babbar 'ya, ita ce ɗebo ruwa, ita ce kai niƙa, ita ce talla. In an kwantar da ke a asibiti ko kin tafi wankan gida, sai a bar yara a hannun wasu. Tun kafin watan haihuwa ki zauna da maigida ku tsara wa zai kula da su, ina za su kwana, wa zai raka su aike. Kada a aiki yarinya ita kaɗai bayan magariba, kada a bari ta shiga ɗakin kowa da talla.

Ki kuma lura da canji: yarinya mai surutu ta yi shiru, ko ta fara fitsarin kwance bayan ta daina, ko ta ƙi zuwa wurin wani da da can take zuwa, ko kuɗi da kayan da ba ku kuka ba ta ba, ko ƙaiƙayi da ciwo a gabanta. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, amma dalili ne na a zauna a tambaya cikin natsuwa. Yara ƙanana ma a koya musu cewa duk wurin da wando da riga ke rufewa ba mai taɓawa, kuma duk wanda ya ce "kada ka gaya wa Inna", to a gaya wa Inna.

Yadda za ki yi da littafin

In kin ga littafi ƙarƙashin matashinta, ko kin ji tana sauraron labari a waya, kada ki fara da faɗa. Ki ce ta karanta miki kina tsintar shinkafa ko kina shayar da jariri. Idan na batsa ne za ki ji da kunnenki, sai ki hana, ki kuma faɗi dalili. Idan labarin wata ce da aka cuta, ki tambaye ta: "Ke a ganinki laifin wa ne? Da ke ce, wa za ki gaya wa?" Kunya tana hana 'ya'yanmu cewa "ni aka yi wa", amma ba ta hana su ba da labarin wata. Sau da yawa ta wannan ƙofa gaskiya ke fitowa. Iyaye maza ma ku sani, yarinyar da ta san mahaifinta zai tsaya mata ta fi saurin buɗe baki.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duk mai wata tambaya a kan wannan batu, ta same mu a ɗakin awo bayan an gama layi, za mu saurare ta cikin sirri. Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare mana zuri'a, amin.