Shari'ar Deborah Ta Tsaya A Ina?

'Yan'uwa na Fakku da Kebbe, kun tuna ran 12 ga Mayu 2022, da ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato bisa zargin saɓo. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, maƙwabcinku ne. Nan da nan ya rufe kwalejin, bayan kwana 2 ya kafa dokar hana fita. Sarkin Musulmi ma ya yi tir da kisan. Gari ya lafa, madalla.

Amma fa a kotu jiki ya yi sanyi. Mutum 2 kaɗai aka gurfanar, ba ma da laifin kisankai ba, sai haɗa baki da ta da hankalin jama'a. A 2023 alƙali ya sallame su, gama lauyoyin 'yan sanda sun daina zuwa kotun.