Abin da ka zuba wa kare a kwano, shi za ka share da safe

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta bari su saurari sauti ba.

Maganar yau ba ta da ƙamshi, gara in faɗa muku tun yanzu. In kana cin abinci, ajiye cokalin tukuna. Maganar kashin kare za mu yi. Eh, na san wani zai ce, duk matsalolin ƙasar nan sai kare? Toh ɗan'uwa, leƙa unguwarku ka ƙirga gidajen da suka ajiye kare saboda ɓarayi. Ga mafarauta, ga makiyaya, ga samarin da ke zuba kuɗi masu kauri su sayi kwikwiyon Alseshan. Duk wanda ya ɗaure dabba kuwa, cikinta ya zama amana a wuyansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku masu karantawa, ku lura da ƙugiya fa. Akwai kashi, akwai ƙashi, kuma yau duka biyun za su yi ta fitowa, wani lokaci ma a jimla ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauko batun nan, Babbar Sallah ce. Muna da kare, Duna, na gida ne, irin siraran nan masu dogayen ƙafafu. Shekara uku abincinsa ɗaya: ragowar tuwo, ƙanzo, wani lokaci kan kifi. Ranar layya sai kowa ya tashi yi masa alheri. Ƙanina ya jefa masa kitse, masu gyaran kayan ciki suka tura masa abin da suka yar, da dare aka juye masa romo da ƙasusuwan da aka tafasa. Washegari tsakar gida ba ta takuwa. Zawo kamar an buɗe famfo, ga amai. Da zawon ya lafa kuma sai labari ya juya: ya tsuguna yana ta nishi, abin da ke fitowa ɗan guntu ne, fari, busasshe kamar alli. Hajiyarmu ta ce ɓarayi ne suka ba shi wani abu don su samu shiga. Likitan dabbobin da muka kai shi wurinsa ya saurare mu tsaf, ya ce mu ne ɓarayin.

Bari mu fara daga baki. Babban kare yana da haƙora 42, mu 32, amma nasa na yaga ne da sara. Muƙamuƙinsa sama da ƙasa kawai yake motsi, ba ya niƙa gefe da gefe irin namu. Sannan mu, tun a baki yawunmu ke fara narkar da sitaci, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya ɗan yi zaƙi. Yawun kare kusan ba ya wannan aikin, santsi kawai yake ba loma ta wuce. Saboda haka in ka ga yana haɗiyar abinci ba tauna, ba rashin tarbiyya ba ne, haka halittarsa take. Aikin yana farawa ne a tumbi, inda akwai ruwan tsami mai ƙarfi da ke kwance nama, daga nan ƙaramin hanji ya tsotse amfanin, babban hanji kuma ya tsotse ruwa ya dunƙule ragowar. Hanjin nasa gajere ne in an gwada da na akuya ko ma namu. Daga kwano zuwa tsakar gida, yawanci kwana ɗaya ne ko makamancin haka. Kun ga ke nan abin da ka tarar da safe rahoton abincin jiya ne.

Ku riƙe maganar babban hanjin nan, don ita ce makullin komai. In abinci ya wuce ta cikinsa da gudu, bai samu lokacin tsotse ruwa ba, zawo ke nan. In ya daɗe a ciki fiye da kima, ya tsotse ruwan ƙaf, kashi ya yi tauri. Duna ya yi mana duka biyun a mako ɗaya.

Yanzu tambayar da na fi samu: tuwo yana cutar da kare? A'a. Akwai wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2013, masana daga Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka jagorance shi, inda suka gwada kare da kakansa kyarkeci. Suka gano cewa ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, kyarkeci biyu yake da ita, karnuka kuwa suna da ninkin haka, wasu har sau da yawa. Ma'ana zaman da kare ya yi da ɗan Adam na dubban shekaru ya koya wa cikinsa cin hatsi. Dafaffen tuwo, shinkafa, dankali, duk yana narkar da su. Matsalar ita ce in tuwon ne kaɗai. Karen da ba ya samun nama, kifi ko ƙwai za ka ga gashinsa ya dusashe, ga tumbi ga haƙarƙari a waje. In kuma dusa ake cika masa, kashin zai yi yawa, tuli guda, sau huɗu sau biyar a rana, saboda yawancin abin wucewa kawai yake yi. Yawan kashi ba alamar ƙoshi ba ne wallahi, sau da yawa alama ce ta cewa abincin bai zauna ba. Babban kare mai lafiya, sau ɗaya zuwa uku a rana ya isa. Kwikwiyo ya fi haka, kuma shi da ya gama ci ba ya daɗewa zai nemi wurin tsuguno.

Kuskurenmu na farko ranar Sallah shi ne canji farat ɗaya. A hanjin kare akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, kuma sun saba da abin da ake turo musu kullum. In ka sauya abinci dare ɗaya, ko da sabon ya fi tsohon kyau da tsada, ciki zai rikice. Wannan yana yawan samun masu sayen kwikwiyo: a inda aka haife shi abincin buhu yake ci, ka kawo shi gida ka ɗora shi kan shinkafa da wake, gobe ka ce an sayar maka da marar lafiya. Tambayi mai shi me yake ci. In za ka canza, ka ɗauki kamar mako guda zuwa kwana 10: kwanakin farko kashi ɗaya cikin huɗu sabo, sauran tsoho, sai rabi da rabi, sai uku cikin huɗu, sannan ka kammala.

Na biyu, kitse. Kitse mai yawa lokaci ɗaya yana kawo zawo, wannan mai sauƙin ke nan. Mai wuyar shi ne akwai wata 'yar gaɓa kusa da tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke fitar da sinadaran narkar da abinci. Maiƙo mai yawa yana iya sa ta kumbura. Kare ya dinga amai, ya ƙi abinci, ya dinga miƙa ƙafafun gaba yana ɗaga baya saboda ciwon ciki. Wannan yana kisa.

Na uku, ƙashi. Mun taso da cewa kare da ƙashi ba sa rabuwa, amma ƙashin da aka dafa ko aka gasa yana bushewa, in ya fashe sai ya zama tsinke-tsinke, musamman na kaza. Yana iya maƙalewa a maƙogwaro, yana iya huda hanji. Ko bai huda ba, yawansa shi ke ba da farin kashin nan mai kama da alli da Duna ya yi ta fama da shi.

Madara kuma, abin tausayi, da ƙauna ake ba su. Bayan yaye, yawancin karnuka suna rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ya wuce hanji yana jan ruwa, ga tusa ga zawo. Kindirmo kaɗan ya fi sauƙi a cikinsu, tunda tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Sai miyarmu. Nan ne na fi jin nauyin magana, don kusan duk karen gida ragowar miya yake ci. Barkono da attarugu suna tayar masa da ciki, gishiri da dunƙule sun yi masa yawa, amma babbar matsalar albasa ce da tafarnuwa. Suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Ba lallai ka ga komai ranar ba, sai bayan kwanaki ka ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Ni yanzu kafin a zuba miya ake cire masa nasa tuwon, a sa masa romon da ba a sa komai ba. Ku ƙara da cakulan, inabi, zabibi da goro a jerin abin da ba a ba shi. Haka tuwon da ya yi funfuna, ko garin masarar da ya lalace aka ce a dafa wa kare kada a yi asara. Gubar funfunar masara hanta take bugawa, kuma karnuka ba sa jure mata.

Toh yaya ake karanta rahoton? Mai kyau shi ne ruwan ƙasa, a dunƙule, in ka sa shebur ya ɗauku ba tare da ya shafe ƙasa ba. In ka ga majina a jikinsa, babban hanji ne ya fusata. Jan jini sabo daga ƙasa-ƙasa yake fitowa. Baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta kuma jini ne da ya zubo daga sama har ya narke a hanya, wannan asibiti ne kai tsaye. Toka-toka mai maiƙo, kitse ne ba ya narkewa. In ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, ko dogaye kamar taliya, tsutsar ciki ce, kuma ba canjin abinci zai magance ta ba, magani take so.

Maganar tsutsa ta dawo da ni kan kayan cikin layya, kuma wannan ya shafi har wanda bai damu da kare ba. Kun san huhu ko hantar da ake samu da wasu ƙuraje masu ruwa a ciki, mahauci ya yanke ya jefar? In kare ya ci wannan ɗanye, wata ƙaramar tsutsa tana girma a hanjinsa. Shi ba ya nuna komai, amma ƙwayayenta suna fita a kashinsa. Yaro ya yi wasa a ƙasar, ya sa hannu a baki, shekaru bayan nan a ga irin jakar ruwan nan a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci sai an yi tiyata. Saboda haka abin da kuka ƙi ci don ya yi ƙurji, a binne shi da zurfi ko a ƙone. Mai kyan ma a dafa kafin a ba kare. Kashinsa kuma a kwashe kullum, a wanke hannu da sabulu.

In zawon mai sauƙi ne, kare babba ne, yana wasansa yana shan ruwa, za ka iya ɗaga masa abinci na kamar awa 12, amma ban da ruwa. Sannan ka fara da dafaffiyar farar shinkafa da tsokar kaza, ba fata, ba mai, ba gishiri, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Dafaffiyar kabewa cokali ɗaya ko biyu tana taimakawa, kuma abin mamaki tana yi wa mai zawo da mai taurin kashi duka. Ruwa kuwa, kare mai kilo 20 yana buƙatar lita ɗaya ko fiye a rana, ledar fiya wata biyu ke nan, a zafin Afrilu kuma ya wuce haka nesa. Don Allah kada a buɗe durowar magani a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, suna iya taɓa masa hanta da ƙoda.

Kwikwiyo dai ba a sa shi wannan azumin, kuma ba a jira da shi. In ɗan wata biyu zuwa shida ya fara amai da zawon jini mai mugun wari, ya kwanta ya ƙi ci, kada ka tsaya zargin abinci. Yana iya zama fabo, cutar da ke cinye bangon hanji, kuma cikin 'yan kwanaki take gamawa da shi. Rigakafinta ana farawa tun yana mako 6 zuwa 8, a maimaita. Babban ma, in zawo ya wuce kwana biyu, ko ka ja fatar wuyansa ta ƙi komawa da wuri, ko cikinsa ya kumbura tim yana kakarin amai ba abin da ke fitowa, a tafi asibitin dabbobi a lokacin. Na ƙarshen nan ya fi samun manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin Alseshan, kuma yana cikin dalilan da ya sa ake raba musu abinci safe da yamma maimakon kwano ɗaya shaƙe.

Duna dai ya warke, bayan an yi masa allurai an kuma taimaka masa ya fitar da abin da ya cushe. Kuɗin da muka kashe ya kai na cinyar ragon da ma ba a ba shi ba. Hajiya har yau tana nan kan bakanta cewa ɓarayi ne.

Masu karnuka, ku rubuto mana a ƙasa abin da naku yake ci a rana, zan zaɓi wasu mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.