Idan Bangon Jijiya Ya Yi Kauri

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala da sauri ya san abin da ke biyo baya: haki, gumi, da bugun zuciya fat-fat. A wannan lokaci wani sinadari mai suna adirenalin yana zagawa cikin jini, yana umartar wasu jijiyoyi su tsuke, wasu kuma su saki, domin jini ya wadaci ƙafafu. Irin waɗannan sinadarai su ake kira homon, wato 'yan aiken da wata gaɓa ke turawa ta cikin jini zuwa wata gaɓar. Da an zauna an huta, sai komai ya koma daidai. To, amma akwai saƙon da hutu ba ya goge shi, domin umarni ne na gini.

Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana da bango mai hawa uku: shimfiɗa mai santsi daga ciki, tsoka a tsakiya, sai riga mai ƙarfi daga waje. Wannan tsoka ba ta bin umarninmu kamar ta dantse. A jikin mai lafiya, ƙwayoyin halittarta ba safai suke hayayyafa ba; aikinsu matsewa da saki kawai. Amma in wasu homon suka yi ta ƙwanƙwasa musu ƙofa shekara da shekaru, sai su yi ƙiba, su ƙaru, su kuma saƙa zaruruwa masu tauri a kewayensu.

Mai karatu ya dubi lungunan cikin birni. In kowane maigida yana ƙara wa katangarsa yaɓe ta waje duk bayan damina, wata rana jaki da mangala ba zai wuce ba. Haka jijiya take, sai dai lissafinta ya fi tsanani: in faɗin hanyar ya ragu da rabi, wahalar tura jini takan ninka sau 16. Wannan na daga cikin tushen hawan jini.

Babban mai ba da umarnin ginin shi ne anjiyotensin na biyu. Idan ƙoda ta ji jini ya yi mata ƙaranci, sai ta saki sinadarin renin, wanda Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano a Suwidin a 1898. Renin yakan yanka wani sinadari da hanta ke yi, sannan a ƙarasa sarrafa shi, galibi a huhu, ya zama anjiyotensin na biyu. Shi kuma aiki uku yake yi: ya matse jijiya nan take, ya sa a saki homon aldositeron mai riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya kuma sa tsokar bango ta girma. Da bangon jijiyar da ke shayar da ƙoda ya yi kauri, sai ƙodar ta daɗa jin ƙishin jini, ta daɗa sakin renin. Ka ga an shiga zagayen da ba ya tsayawa da kansa.

Akwai kuma masu taka burki. Homon ɗin mata, istirojin, yana rage hayayyafar waɗannan ƙwayoyi. Wannan na cikin dalilan da ake ganin suna sa hawan jini ya yawaita ga iyayenmu mata bayan haila ta ɗauke.

Sanin wannan sarƙa ya haifar da magani. A 1965 Sergio Ferreira na ƙasar Barazil ya nuna cewa dafin wani maciji ɗan dangin kububuwa yana ɗauke da sinadarin da ke taimaka wa jijiya ta saki. Daga nan aka bi sawu har aka ƙera kaftofiril, mai toshe hanyar samar da anjiyotensin na biyu, aka amince da shi a Amurka a 1981. Sai dai jiki suna ya tara: yawancin baƙar fata masu hawan jini ba su da renin mai yawa, don haka irin wannan magani shi kaɗai bai cika isarsu ba. Binciken da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin, mai sassauta tsokar jijiya kai tsaye, ya fi saukar da jini.

Darasin a fili yake. Kaurin da aka shekara goma ana ginawa ba ya rushewa a mako guda, kuma ba ya ciwo. Mai hawan jinin da ya ajiye magani don ciwon kai ya lafa, ya bar magina ne suna aiki a ɓoye, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda zai bayyana. Saboda haka, ɗalibi ya tunatar da na gida: a riƙa auna jini, in ya kai 140 bisa 90 a ga likita. A rage gishiri, kanwa da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali guda. Tun ran gini, ran zane.